Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Bayan Layukan Nan Biyu na Gwajin Maleriya?

A wannan fitowar na haɗa wasiƙu uku wuri guda, domin duk da masu su ba su san juna ba, amsoshinsu tushensu ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. A wani taron ƙara wa juna sani da aka yi mana, mai jawabi ya ce darajar mai bincike tana ga yawan takardun da ya wallafa da yawan masanan da suka ambace shi a nasu rubutun, har ya nuna mana lambar da ake auna kowa da ita. Na fito jikina a sanyaye. Ke nan bincike rubutu ne kawai tsakanin masana? Don Allah ka kawo mini misalin masani guda a fannin ƙwayoyin halitta da garkuwar jiki wanda aikinsa ya iso asibitocinmu, ka kuma gaya mini da me ake auna tasirinsa.
Ɗaliba, daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya. Lambar da aka nuna muku ita ce lambar h, wadda wani masanin fiziya mai suna Jorge Hirsch ya ɓullo da ita a 2005. Idan mutum yana da takardu 20 waɗanda kowace aka ambace ta aƙalla sau 20, lambarsa 20 ke nan. Ba na raina ta. Tana taimaka wa kwamitin ƙarin girma ya bambance wanda ke aiki da wanda ke zaune. Amma iyakarta ke nan, kuma ina so ki ga iyakar da idonki ta hanyar labarin César Milstein, mutumin da kike taɓa amfanin aikinsa kullum in kin shiga lab, ko da ba a taɓa faɗa miki sunansa ba.

An haife shi a 1927 a Bahía Blanca, wani gari mai tashar jiragen ruwa a Ajantina. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi hijira daga yankin Yukren yana saurayi, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce. Ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Buenos Aires, ya yi digirin digirgir a kan enzayim, wato furotin ɗin da ke hanzarta haɗuwa da rabuwar sinadarai a jiki. A 1958 ya sami tallafin karatu ya tafi Kambirij a Ingila, inda ya haɗu da Fred Sanger, wanda ya ci kyautar Nobel har sau biyu. A 1961 ya koma gida da niyyar zama, aka ba shi shugabancin sabon sashen nazarin ƙwayoyin halitta a Cibiyar Malbrán da ke Buenos Aires. Shekara guda bayan haka sojoji suka kifar da gwamnatin Arturo Frondizi. Sababbin masu iko suka cire daraktan cibiyar, Ignacio Pirosky, aka kuma sallami wasu daga cikin ma'aikatan sashen Milstein. Sai ya ajiye aikinsa, ya tattara ya koma Kambirij a 1963. Duk lokacin da na zo wannan gaɓar raina yakan sosu. Ƙasa ta ɗauki ɗanta ta karantar da shi, ya je waje ya ƙaro ilimi, ya dawo da ƙafarsa, sannan siyasa ta kore shi. Abin da ya gano bayan shekara 12, a Ingila aka rubuta shi.

Sanger ne ya ba shi shawara ya bar enzayim ya koma kan antibodi, wato furotin ɗin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama baƙon abu. Kin riga kin sani, amma bari in faɗa saboda sauran masu karatu. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyin da ake kira B. Kowace ɗaya nau'in antibodi guda tak take yi, kuma nau'in nan wuri guda yake kamawa a jikin ƙwayar cuta. To jikin ɗan Adam yana iya yin miliyoyin nau'i daban-daban, har da na kama sinadaran da ba a taɓa yin su a duniya ba sai da aka haɗa su a masana'anta. Ina jiki ya sami wannan yawa, alhali bayanan gadon da ke cikin DNA ƙididdigaggu ne? Wannan ce tambayar da ta hana Milstein barci. Ki lura da kyau, bai fita neman magani ba, bai fita neman abin gwaji ba. Son sani ne ya tayar da shi.

Matsalar da ya ci karo da ita ita ce wadda duk tsohon ma'aikacin lab ya sani. In ana son antibodi a wancan zamani, sai a yi wa zomo ko doki ko tunkiya allurar abin da ake so, a jira, a ɗebi jininta a tace ruwan. Ruwan nan gauraye yake da ɗaruruwan nau'i. Na wannan zomo ba ya zama daidai da na wancan, kuma ranar da dabbar ta mutu, wannan haɗin ya tafi ke nan. Ba yadda za a yi mutum ya karanta tsarin nau'i ɗaya a cikin irin wannan cakuɗa. In kuma aka ware ƙwayar B guda aka sa a kwano, kwanaki kaɗan take yi ta mutu.

Akwai hanya ɗaya da ake lallaɓawa da ita. Wata sankara ce mai suna mayeloma, wadda asalinta ƙwayar B ce guda da ta ƙi mutuwa, take ta hayayyafa tana zubo antibodi nau'i ɗaya. Michael Potter a Amurka ya gano yadda ake haddasa ta a jikin ɓeraye, kuma daga nan aka sami ƙwayoyin da ake renonsu a kwalba shekara da shekaru. Sai dai antibodin da suke yi, ba wanda ya zaɓe shi, galibi ma ba a san abin da yake kamawa ba. A 1973 Milstein da Richard Cotton, ɗan Ostireliya, suka narkar da ƙwayar mayeloma ta ɓera da ta gafiya suka zama ɗaya, suka ga cewa haɗaɗɗiyar ƙwayar tana ci gaba da yin antibodin iyayenta duka biyu. A 1974 wani matashi Bajamushe, Georges Köhler, ya zo daga Cibiyar Nazarin Garkuwar Jiki ta Basel ya shiga ɗakin gwajin Milstein, yana neman ƙwayar da ba ta mutuwa wadda kuma aka san abin da antibodinta ke kamawa. Da ba su samu ba, sai suka yanke shawarar su ƙera ta.

Abin da suka yi ya yi kama da auren mangwaro: a samo gindi mai ƙarfi da jure wahala, a ɗaura masa reshen irin da ake son 'ya'yansa. Sun yi wa ɓera allurar jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya, garkuwarsa ta tashi. Suka cire saifarsa, wadda ke cike da ƙwayoyin B, suka cakuɗa su da ƙwayoyin mayeloma, suka zuba ƙwayar cutar Sendai da aka kashe wa ƙarfi, domin tana sa fatar ƙwayoyi biyu ta manne ta zama ɗaya. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta tacewa. Mayelomar da suka zaɓa tana da naƙasa, ta rasa wani enzayim, saboda haka ba ta rayuwa a cikin ruwan reno na musamman da ake kira HAT. Ƙwayoyin saifa kuwa da kansu suke mutuwa. Abin da zai rage a kwanon shi ne wanda ya gaji rashin mutuwa daga ɓangare guda, ya gaji enzayim ɗin da antibodin daga ɗaya ɓangaren. Da suka shimfiɗa waɗanda suka tsira a kan jinin tunkiya, sai ga fararen da'irori kewaye da wasunsu, alamar antibodi yana fasa jajayen ƙwayoyin. A ɗauki guda a rene ta, an sami masana'antar nau'i ɗaya, tsantsa, wadda za a iya daskarewa a ajiye, a aika wa wani a wata nahiya ya farfaɗo da ita. Shi ne antibodin monokulonal, ƙwayar kuma ana kiranta haibiridoma.

Takardar ta fito a mujallar Nature ranar 7 ga Agusta, 1975. Shafi uku ce. A ƙarshenta suka ce irin waɗannan ƙwayoyi za su iya yin amfani a likitanci da masana'antu, ba su ƙara ba.

Yanzu ga wurin da nake so ki tsaya ki yi tunani. An aika bayanin aikin ga hukumar gwamnatin Birtaniya mai kula da rajistar mallakar fasaha. A 1976 ta amsa cewa ba ta ga wani amfani na kusa da za a yi kasuwanci da shi ba, ba a kuwa yi rajistar ba. Mutane ne masu ilimi, aikinsu ke nan auna darajar bincike, takardar na gabansu, suka kasa gani. Milstein ya riƙa raba ƙwayoyinsa kyauta ga masu buƙata. A 1979 da 1980 masu bincike a Cibiyar Wistar ta Amurka, Hilary Koprowski da Carlo Croce, suka sami rajistar mallaka a kan yin irin wannan antibodi don kama ƙwayoyin sankara da na bairos, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, har gwamnatin Margaret Thatcher ta riƙa kafa misali da shi a matsayin dukiyar da Birtaniya ta bari ta suɓuce. Ni a ganina rashin rajistar nan alheri ya zama. Domin ba a kulle hanyar ba, cikin 'yan shekaru ɗakunan gwaji a ko'ina suka ɗauka, kowa ya ƙera antibodin abin da ya dame shi. A 1984 aka ba Milstein da Köhler kyautar Nobel tare da Niels Jerne. Köhler ya rasu a 1995 yana da shekara 48, Milstein kuma a 2002.

To ta ina abin ya iso gare mu? Ɗauki ɗan farin robar nan na gwajin maleriya ki buɗe shi wata rana. A ciki akwai siririyar takarda. A gindinta an busar da antibodin monokulonal wanda aka maƙala wa ƙananan ƙwayoyin zinariya, su ne ke ba da jan launi. Kin ɗiga jini, kin ɗiga ruwan da ke fasa ƙwayoyin jinin. In akwai furotin HRP2, wanda ƙwayar maleriya ta falsifarum ke zubarwa, antibodin zai kama shi, ruwa ya ja su gaba, su tarar da wani layin antibodi a manne wanda zai riƙe su. Launi ya taru, layi ya fito. Layi na biyu shaida ce cewa ruwan ya bi takardar yadda ya kamata. Minti 15 zuwa 20 an gama, ba wuta, ba na'ura.

Ni na yi zamanin da ba wannan. Sai a shafa jini a gilashi, a bushe, a rina da Giemsa, a zauna a kan madubin lab ana ƙirga. In an ɗauke wuta sai a jawo tebur bakin taga a nemi hasken rana. Aiki ne mai kyau kuma har gobe shi ne madogara, amma yana buƙatar ƙwararren ido, ƙauyuka da yawa kuwa ba su da shi. Saboda haka duk zazzaɓi maleriya ne, a ba da kulorakwin a sallami mutum. Yaro mai ciwon huhu ko sanƙarau yakan koma gida da maganin da ba nasa ba. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa tabbatarwa da gwaji kafin a ba da magani, kuma da babu ɗan robar nan da umarnin ya tsaya a takarda. Yau ana sayar da fiye da miliyan 300 nasa a shekara, mafi yawa a Afirka kudu da Sahara, Najeriya kuwa ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya.

Ba shi kaɗai ba. Abin gwajin ciki da mata ke saya a kemis, irin wannan antibodi ne ke kama sinadarin hCG a fitsari. Ruwan shuɗi da ruwan rawaya da kuke ɗigawa don gane rukunin jini kafin a yi ƙarin jini, yawancinsu yanzu monokulonal ne. Gwajin ciwon hanta nau'in B, ƙirgen fararen ƙwayoyin jini na CD4 na masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, gwajin korona na gaggawa, har da wasu sababbin gwaje-gwajen sikila da ke bambance A da S da C daga ɗigon jini guda, duk daga wannan dabara suka fito.

Ɓangaren magani ya fi jinkiri. Antibodin ɓera baƙo ne a jikin mutum, garkuwar jiki takan taso masa bayan 'yan allurai. Na farko da aka amince da shi a Amurka, OKT3, na hana jiki ƙin dashen ƙoda, sai a 1986 ya fito, kuma yana da wannan matsala. A shekarar ne Greg Winter, a cibiya ɗaya da Milstein, ya nuna yadda za a yanko 'yan wuraren da ke kamawa kawai daga antibodin ɓera a dasa su a kan na mutum. Daga nan ƙofa ta buɗe: rituximab na sankarar jini a 1997, trastuzumab na wani nau'in sankarar mama a 1998, adalimumab na amosanin gaɓɓai a 2002. Winter ya karɓi tasa kyautar Nobel a 2018. Zuwa 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin waɗannan magunguna guda 100.

Biyu daga cikin labaran sun faru a nahiyarmu. A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, an samo wani antibodi daga jinin mutumin da ya tsira daga annobar Ebola ta Kikwit ta 1995, da hannun Farfesa Jean-Jacques Muyembe a cikin aikin. A gwajin da aka yi lokacin annobar 2018 zuwa 2019, kusan kashi 35 cikin ɗari na waɗanda aka ba shi ne suka rasu, alhali a rukunin da aka kwatanta su da shi, wanda aka ba wani maganin daban, kusan rabi ne suka rasu. A Mali kuma, a sakamakon da aka wallafa a 2022, ƙarin ruwa guda na antibodin CIS43LS ya kare manya daga kamuwa da maleriya da kusan kashi 88 cikin ɗari tsawon wata shida na lokacin sauro. Wannan na biyun har yanzu a matakin bincike yake.

Sai dai dole in faɗa miki abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Gwajin ya iso mana da araha, maganin bai iso ba. Adalimumab shi kaɗai ya kawo wa kamfaninsa fiye da dala biliyan 20 a 2021. Matar da aka gano tana da sankarar mama irin wadda trastuzumab ke yi wa aiki, a yawancin gidajenmu sai an sayar da gona ko fili, kuma sau da yawa kuɗin kan ƙare kafin allurai su cika. Na ga irin waɗannan iyalai a bakin tagar karɓar sakamako. Duk wanda zai ba da labarin tasirin Milstein ya tsallake wannan, bai cika labarin ba.

Ita kuwa tambayar da ya faro da ita fa? Rabin amsar ya zo daga Susumu Tonegawa, ɗan Japan, wanda ya nuna a Basel a 1976 cewa ƙwayar B tana yanka DNA ɗinta ta sake jera gutsattsarin, kowace ƙwaya da irin jerinta, ya kuma ci Nobel a 1987. Sauran rabin Milstein ya bi shi da haibiridomarsa. A shekarun 1980 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa bayan jiki ya haɗu da baƙon abu, bayanan antibodin suna ta canzawa kaɗan-kaɗan, jiki yana zaɓen waɗanda suka fi kamawa da ƙarfi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa allurar riga-kafi ta biyu da ta uku ke ba da kariya mafi inganci. A wurinsa, dabarar da duniya ta san shi da ita kayan aiki ce da ya ƙera a kan hanya.

An ambaci takardar 1975 sau dubbai, saboda haka ko a ma'aunin mai jawabinku Milstein ya haye. Amma ma'aikaciyar lafiyar da ta yi gwajin maleriya 30 yau a ƙauye ba za ta rubuta takarda ta ambace shi ba, masana ma da dabara ta zama ruwan dare sukan daina ambaton mai ita. Ni in an tambaye ni tasirin mai bincike, abin da nake dubawa shi ne me mutane ke iya yi yau wanda ba sa iyawa kafin aikinsa, su wa suka ɗora a kai, kuma ya kai ga wa. Ina kuma ba shi lokaci, tunda daga takardar zuwa maganin sankara na farko shekara 22 ce. Ki yi rubutu, ki wallafa, domin aikin da ba a wallafa ba ba mai iya ɗorawa a kansa. Wajen zaɓen abin da za ki bincika ne nake roƙonki kada lambar ta zaɓar miki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana ɗan shekara huɗu ya yi maleriya, ya shanye maganin kwana uku, ya warware yana wasansa. Bayan mako biyu na sa aka sake gwada shi don in tabbatar, sai layi biyu suka sake fitowa. Mai kemis ya ce a sake ba shi magani. Maganin ne bai yi aiki ba?
Uwa, daga Maraɗi.

AMSA: Barka kadai Hajiya, Allah ya raya mana shi. Abin gwajin ba ƙwayar cutar yake gani ba, furotin HRP2 da ta zubar yake kamawa, shi kuwa yakan daɗe a jini makonni bayan ƙwayoyin sun mutu, wani lokaci har ya haura wata. Saboda haka layi biyu bayan mako biyu, a jikin yaron da ke ci yana wasa ba zazzaɓi, ba hujja ba ce cewa magani ya gaza, kuma ba a sake ba da magani a kan wannan kaɗai. In zazzaɓi ya dawo, ko ya ƙi cin abinci, ko ya yi laushi, ki kai shi asibiti ki gaya musu ranar da ya gama magani, a duba jininsa a madubi, a kuma nemi wasu dalilan zazzaɓin. In kika ga jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko barcin da ba a iya tashinsa, kada ki jira gari ya waye.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin lafiya ne a karkara. Lokacin girbi muna fama da saran kububuwa, maganin kuma ga tsada ga ƙaranci. Na ji an ce har yanzu daga jinin doki ake samo shi. Me ya hana a ƙera shi a lab kamar sauran magungunan zamani?
Ma'aikacin lafiya, daga jihar Gombe.

AMSA: Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, Allah ya saka. Abin da ka ji gaskiya ne. Hanyar ta samo asali tun 1890, lokacin da Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa riga-kafi yana kare wata, Albert Calmette kuma ya yi amfani da ita a kan dafin maciji 'yan shekaru bayan haka. Maganin EchiTAb da aka saba amfani da shi a asibitin Kaltungo na jihar Gombe iri biyu ne: wanda aka samo daga tumaki a Birtaniya, na kububuwa kaɗai, da wanda ake samu daga dawaki a Kosta Rika, mai haɗa kububuwa da kasa da kumurci. Da dafin macizan Najeriya aka yi su, shi ya sa suke aiki a nan. Wanda aka yi da dafin macizan Indiya yakan gaza a kan kububuwarmu, don haka ka riƙa karanta sunayen macizan da ke jikin kwalba kafin ka amince da ita.

Dalilin da ya sa dabarar Milstein ba ta maye gurbin doki ba tukuna shi ne dafi ba abu ɗaya ba ne. A cikin dafin maciji guda akwai guba iri-iri masu yawa, wata na hana jini daskarewa, wata na fasa jijiyoyin jini, wata na ruɓar da nama, kuma haɗin yakan bambanta daga yanki zuwa yanki. Antibodin monokulonal wuri ɗaya yake kamawa. A nan cakuɗar da ke jinin doki, wadda ta dami Milstein, ita ce ake buƙata. Kafin a yi na lab sai an gano gubobin da suka fi kisa, a ƙera wa kowace nata, a haɗa, sannan kuɗin ya zama wanda manomi zai iya biya. Ana kan aikin. A 2024 an ba da rahoton wani antibodi da ya kare ɓeraye daga gubar da ke shanye jiki ta dangin gamsheƙa, amma dafin kububuwa wani iri ne daban, kuma ba a kai ga majinyata ba. A cizon mahaukacin kare, inda bairos ɗaya ake fuskanta, tuni Indiya ta fara amfani da na lab. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030.

Kafin nan, abin da ke hannunka yana da yawa. Ka hana ɗaure ƙafa tamau da tsagawa da tsotsa, a cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauko mutum ba tare da an tsaya gwada na gida ba. In ya iso, ɗebi jini kaɗan ka zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ka ajiye minti 20 ba girgizawa. In ka karkata ta jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jini, yana buƙatar maganin ko da ya ce ba ya jin komai. Ka tanadi adirenalin a kusa kafin ka fara, domin furotin dabba ne kuma jiki na iya tayar masa, sannan ka maimaita gwajin daskarewar bayan awa shida don ka san ko za a ƙara.